Maganin Ƙwarƙwata a Kan Yara: Inganci da Haɗari

Ƙwarƙwatar kai ƙaramar halitta ce marar fiffike da ke zaune cikin gashin ɗan Adam tana shan jini daga fatar kai. Ba ta tsalle, ba ta tashi, sai dai ta rarrafa daga wannan kai zuwa wancan idan yara suka haɗa kawuna wajen wasa ko kwanciya, kuma ba a san ta da yaɗa wata cuta ba, iyakar ɓarnarta ƙaiƙayi ne da ƙurajen da susa ke jawowa. Tunda cutarwarta ba ta wuce haka ba, bai halatta maganinta ya fi ta haɗari ga yaro ba, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna kowane magani.

Maganin da aka fi farawa da shi shi ne fametirin, sinadarin da aka kwaikwayo daga gubar da ke cikin wani fure, wanda yake shanye jijiyoyin ƙwaro har ya mutu. Ana shafa mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 a gashi, a bar shi minti 10 a wanke, kuma a Amurka an yarda da shi ga jariri daga wata 2, saboda abin da fata ke tsotsa daga cikinsa kaɗan ne. Rauninsa shi ne ba ya kashe dukan ƙwayayen da uwar ta manna a gindin gashi, waɗanda ke ƙyanƙyashewa bayan kwana 7 zuwa 10, shi ya sa ake maimaita shafawa wajen kwana na 9, kafin ƙananan su isa yin nasu ƙwan. Sau da yawa abin da iyaye ke kira rashin ingancin magani, tsallake wannan shafawa ta biyu ce.

Akwai kuma turjiya ta gaskiya, wato sauyin da ya auku a ƙwayoyin gadon ƙwarƙwata har jijiyoyinta suka rage jin gubar. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya tattara ƙwarƙwata daga jihohi 48 na Amurka, ya tarar da wannan sauyi a kusan dukansu. Inda haka ta faru, ƙara yawan magani ko barinsa ya kwana a kai ba ya ƙara komai sai haɗari. Abin yi shi ne a sauya iri. Malatiyon mai ƙarfin kashi 0.5 yana aiki, amma yana ɗaukar sa'a 8 zuwa 12 a kai, ga shi da saurin kama wuta saboda barasar da ke cikinsa, abin lura a gidan da ake girki da murhu a tsakar gida. Man aibamaktin ya samu izini a Amurka a 2012 ga yara daga wata 6. Dimetikon kuwa ba guba ba ne, mai ne da ke lulluɓe ƙwaron ya toshe ƙofofin numfashinsa, don haka turjiyar da ake magana ba ta shafe shi ba.

Lindan, wanda tsofaffin manoma suka sani a cikin Gammalin 20, ya daɗe ana shafa shi kafin a tabbatar yana ratsa fata ya taɓa ƙwaƙwalwa har ya jawo farfaɗiya, musamman ga ƙananan yara. Jihar Kalifoniya ta haramta shi a 2002, Yarjejeniyar Stockholm kuma ta sa shi cikin gubobi masu daɗewa a muhalli a 2009.

Mafi muni a ƙasar Hausa shi ne zuba wa yarinya fiya-fiya ko Sniper ko kananzir a kitso, a ɗaure da kallabi ta kwana. Sinadarin Sniper, daikulobos, na feshin gona da rumbu ne, yana shiga jini ta fata da numfashi, ya haifar da dalalar miyau, amai, ƙanƙancewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da shi a kasuwanni. Yaron da ya nuna waɗannan alamomi, a tuɓe masa kaya, a wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar. Inda babu maganin kemis, ana tsefe kitso a jiƙa gashi da mai, a bi shi da mataji mai matsattsun haƙora duk bayan kwana 3 ko 4 har mako 2, a kuma duba kawunan sauran 'yan ɗakin a rana guda.