Abin da Idon Ɗan Ɓera Ya Koya wa Likitocin Ido

Daga shekarun 1940 zuwa farkon 1950, dubban bakwaini suka makance a Amurka da Turai. Daga baya aka gano cewa iskar oksijin da ake cika musu kwalba da ita don a ceci ransu, ita ce ke ɓata musu ido. Mawaƙi Stevie Wonder, haihuwar 1950, yana cikinsu.

Yaya iskar da ke raya mutum za ta makantar da shi? Idon ɓera ya taimaka ƙwarai wajen warware wannan. A ƙuryar ido akwai tantanin da ke karɓar haske. Jijiyoyin jininsa a mahaifa suke tsirowa ga ɗan Adam, inda ba mai gani. Shi kuwa ɗan ɓera, ana haihuwarsa tantanin fayau yake, sai jijiyoyin su taso daga tsakiya su bazu zuwa gefe cikin kusan mako guda, kamar yaɗon kabewa. Mai bincike na iya bin sawunsu rana-rana.

A 1994 Lois Smith da abokan aikinta a Boston suka tsara hanyar da ake bi har yau. Ranar da 'ya'yan ɓera suka kwana 7, sai a sa su da uwarsu a akwati mai oksijin kashi 75 cikin ɗari (iskar da muke shaƙa kashi 21 ce). Da iska ta yi yawa, ƙananan jijiyoyin tsakiyar tantanin sai su mutu. Rana ta 12 a fito da su. Nan take tantanin ya shiga ƙishin iska, ya kwararo VEGF, sinadarin da ke sa jijiya ta tsiro, wanda Napoleone Ferrara ya tace a 1989. Jijiyoyi su fito barkatai, a cukurkuɗe, suna yoyo. Rana ta 17 abin ke kai maƙura, lokacin ne ake cire tantanin, a rina jijiyoyin, a shimfiɗa shi a auna ɓarnar.

Irin wannan tsiron ne ke makantar da masu ciwon suga, kuma alluran da ake yi musu cikin ido, irin su Lucentis, VEGF ɗin suke toshewa.

Sai dai kada a yi saurin murna da sakamakon ɓera. Idonsa ba shi da ɗan gurbin nan na tsakiya da muke karatu da gane fuska da shi. Kuma wajen rana ta 25 jijiyoyin banzan kan janye da kansu, alhali a idon bakwaini suna iya fizge tantanin daga mazauninsa.