Ciwon Muƙamuƙi: Ba Kunne Ba Ne, Ba Haƙori Ba Ne

Kafin mu shiga magana, ku ɗan gwada wani abu: ku sa yatsa a gaban kunnenku, ku buɗe baki ku rufe. Kun ji wani abu yana motsi? To, wannan ita ce gaɓar da ta haɗa muƙamuƙi da ƙoƙon kai, wadda likitoci ke kira TMJ. Guda biyu ce, dama da hagu, kuma a tsakiyar kowacce akwai wani ɗan faifan guringuntsi da ke hana ƙashi gogar ƙashi. Magana, tauna, hamma, dariya, duk da ita ake yi.

Idan ta samu matsala, ciwon yakan yaudari mutum. Wani zai rantse kunnensa ne, ya je kemis a ba shi maganin ɗigawa. Wani ya ce haƙori ne, har a cire masa turmi lafiyayye, ciwo kuma yana nan daram. Alamominsa: zafi a gaban kunne ko a kumatu da ke ƙaruwa lokacin tauna, ciwon kai ta gefen goshi, ƙara "ƙas" idan an buɗe baki, wani lokaci bakin ya maƙale. Lafiyayyen baki yakan ɗauki yatsunka uku a tsaye. Ya fi kama mata, kuma ya fi yawa tsakanin shekara 20 zuwa 40, wato mu ɗin nan.

Me ke kawo shi? Sau da yawa ba gaɓar ce ma ta lalace ba, tsokar tauna ce ta gaji. Mutum yana cikin damuwa, jarrabawa ta matso, ba aiki, kuɗin haya ya zo, sai ya riƙa datse haƙora bai sani ba. Wasu har cikin barci suke goga su, sai wanda suke ɗaki ɗaya ne zai faɗa musu. Idan kana tashi da safe da gajiyar muƙamuƙi, ka zargi wannan. Ka ƙara da cingam daga safe har dare, cizon farce ko murfin biro, tauna ƙanƙara, da matse waya tsakanin kunne da kafaɗa. Akwai kuma bugu, kamar faɗuwa daga babur ko naushi, da amosanin gaɓɓai, da gocewar faifan nan.

Labari mai daɗi shi ne yawancinsa yana lafawa ba tare da tiyata ba. Ƙara kaɗai, in babu zafi, ba ta buƙatar magani. In akwai zafi, ka hutar da muƙamuƙin na mako biyu ko uku: kunu, fate, tuwo mai laushi. Kilishi, aya, rake da ganda su ɗan jira, na san da wuya amma haka ne. Ka jiƙa tawul da ruwan ɗumi ka ɗora minti 15, ka murza wajen a hankali. In hamma ta zo, ka tallafi haɓa da hannu. Sannan ka riƙe wannan: in ba ci kake ba, leɓɓa a rufe, haƙoran sama da na ƙasa kada su taɓa juna. Farasitamol ko ibuprofen na taimakawa na 'yan kwanaki, amma mai gyambon ciki, mai ciwon koda da mai juna biyu kada su sha ibuprofen sai da izinin likita. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa ba ruwansa da gajiyar tsoka, asarar kuɗi ce kawai. Tramadol kuma, don Allah, kar ma a fara.

In makonni sun wuce ba sauƙi, likitan haƙori za ka gani. Zai iya yi maka robar da ake sawa a haƙora da dare, ko ya tura ka wajen masu gashin ƙashi na asibiti su koya maka motsa muƙamuƙi. Tiyata ita ce ta ƙarshe, kuma kaɗan ne ke kaiwa can.

Amma akwai inda ba a jira. In ka yi hamma baki ya ƙi rufuwa, gocewa ce; asibiti za a je, ba mari za a sharara maka ba. In baki ya sandare bayan ƙusa ko wani abu ya soke ka, ana tsoron tetanus. Kumburin fuska da zazzaɓi na iya zama ruɓar haƙori da ta yaɗu. Ciwon muƙamuƙi tare da nauyin ƙirji da gumi kuwa yana iya zama bugun zuciya.

Sai yara. Yaro ya faɗi ta haɓa, an ɗinke fata an dawo gida, alhali kan ƙashin da ke gaban kunne ya tsage. In ba a duba ba, gaɓar na iya haɗewa, bakin ya riƙa raguwa a hankali har cokali ya daina shiga. Idan ƙaninka ko 'yarki ta faɗi haka, ku nemi a duba muƙamuƙin, ku kuma riƙa lura da yadda bakin ke buɗuwa a watannin da suka biyo baya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.