Shekarar 2006 Tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa

A watan Janairun 2006, sa'ad da Allah Ya jarrabci Firaministan Isra'ila Ariel Sharon da bugun jini, ragamar mulkin Isra'ila ta koma hannun Ehud Olmert, sai Falasɗinawa suka fita zaɓen majalisar dokoki, Hamas ta lashe kujeru 74 cikin 132, ta kayar da Fatah wadda zargin almundahana ya zubar wa da mutunci a idon al'umma. Amurka da Tarayyar Turai, duk da cewa masu sa ido sun shaida sahihancin zaɓen, suka yanke tallafi ga sabuwar gwamnatin Falasɗinawa, Isra'ila kuma ta riƙe kuɗin haraji, har ma'aikata suka shafe watanni babu albashi. Haƙiƙa talaka ne ya ɗanɗana kuɗar wannan hukunci. A watan Yuni mayaƙan Falasɗinawa suka kama sojan Isra'ila, Gilad Shalit, dakarun Isra'ila kuwa suka sake kutsawa Gaza.