Maryam 'Yar Shehu da Gidajen da Aure Ya Kai Ta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Lautai a Gumel ranar hawan sallah ya ji yadda maroƙa ke jero asalin sarauta: wane ɗan wane, jikan wane, har su dangana da Ɗan Juma, wanda ya kafa sarautar Gumel wajen shekarar 1750. Maza ne zalla, uba ya miƙa wa ɗa, wa ya miƙa wa ƙane. Amma a tsakiyar jerin akwai sarkin da ya yi mulki daga 1811 zuwa 1828, wanda aka fi sani da Ɗan Auwa. Tun ina yaro wannan suna ke tsaya mini a rai, domin Auwa sunan mace ne, irin na kakanninmu, ga shi kuma ya kutsa cikin jerin sarakuna ba a kore shi ba.

Marubucin tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya fi maroƙa adalci a nan. Kusan duk sarkin da ya ambata sai ya faɗi sunan uwarsa kafin ya shiga labarin yaƙe-yaƙensa. A can ma akwai wata Auwa, matar Muhammadu Rumfa wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499. Ita ta haifi Sarki Abdullahi, ita ce kakar Muhammadu Kisoki, kuma ana ce mata Madaki Auwa. Littafin ya nuna lokacin da ɗanta ya fita yaƙi, wani da ake ce wa Dagaci ya shirya tayar da ƙayar baya a cikin birni, kwarjininta ne ya hana abin lalacewa kafin sarki ya dawo. Wani abin sha'awa, a daidai wannan zamani akwai irinta a Ingila, Margaret Beaufort. An yi mata aure sau huɗu, ta haifi ɗanta tilo a 1457 tana da shekara goma sha uku, ta yi ta ƙulle-ƙulle har ya zama Sarki Henry na Bakwai a 1485. Jikanta ya hau gado a 1509, shekarar da lissafin tarihin Kano ya ba jikan Auwa. Sai dai su can mace kan shiga gidan miji da ƙasa da gidaje na gado, shi ya sa ake rububinta. A nan abin da 'yar babban gida ke kai wa ɗakinta ya fi ƙarfin awo: asali ne, da amana tsakanin gidaje biyu, wani lokaci har da ilimi.

Ba na jin akwai wadda rayuwarta ta fi nuna wannan kamar Maryam, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An haife ta wajen 1810, lokacin da ƙurar jihadi ta fara lafawa. Mahaifiyarta Mariya ƙwarƙwarar Shehu ce, ita ce kuma ta haifi Isa, autan Shehu, wanda aka sani da Isa Mai Kware, shi ne ya mayar da wasu waƙoƙin gidansu daga Fillanci zuwa Hausa. Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817, Maryam ba ta wuce shekara bakwai ba. Saboda haka mafi yawan abin da ta sani na mahaifinta daga bakin yayyenta ta ji shi, musamman Nana Asma'u, wadda ta girme ta da kusan shekara goma sha bakwai, ta zamar mata yaya da malama.

Auren Maryam na fari bai fitar da ita daga inuwar Asma'u ba. Asma'u tana auren Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, sai aka ba ɗansa Muhammadu Adde auren Maryam. Ka ga ke nan yaya tana wurin uba, ƙanwa tana wurin ɗa, tuwona maina. Gidan Shehu da gidan waziri aka ɗaure da igiya biyu, kuma ba a banza ba: waziri ne ke riƙe da wasiƙun daula, shi ke zagaya masarautun gabas, Kano na cikinsu. A wannan gida na takardu da baƙi Maryam ta haifi 'ya'ya mata biyu, kafin Allah ya yi wa mijin rasuwa.

Aure na biyu shi ne ya ɗauke ta tafiyar kwanaki zuwa Kano, gidan Sarki Ibrahim Dabo. Dabo Basulluɓe ne, ya gaji Sarki Sulaimanu a 1819, kuma bai samu gadon a ruwan sanyi ba. Manyan gidajen Fulani da dama sun ƙi yi masa mubaya'a, Ɗan Tunku ya yi shekaru yana ja da shi daga arewacin Kano, wajejen da suka zama masarautar Kazaure. Da takobi ya lallasa garuruwa har aka yi masa laƙabi da Ci Gari. Amma takobi iyakarsa ya sa a ji tsoro. Sarkin da aka ɗauko 'yar Shehu aka kai masa gida, an gaya wa kowa ke nan ba da baki ba cewa Sakkwato na bayansa. Ita kuma Sakkwato ta samu ido da kunne a cikin Gidan Rumfa, fadar Kano, a masarautar da ta fi kowace arziki a daular.

A nan ne labarin ke da daɗi. A gidan Dabo akwai Shekara, wadda ta haifi Usman da Abdullahi da Muhammadu Bello. Su ukun nan sun yi sarautar Kano ɗaya bayan ɗaya, daga 1846 har 1893, kusan shekara hamsin cikin mace ɗaya yana kan karaga. Har yau sunanta na nan a kan makarantar 'yan mata ta Shekara da ke kusa da fada. Maryam kuwa ba ta haihu da Dabo ba. A lissafin tsakar gida irin wanda muka saba, an gama magana: mai 'ya'ya maza ta ci gida, marar haihuwa kuwa ranar da miji ya faɗi sai ta naɗe tabarmarta. Kuma ta naɗe ɗin, domin bayan rasuwar Dabo a 1846 ta koma ƙasar Sakkwato. Sai dai ba ta tafi hannu rabbana ba. 'Ya'yan Shekara sun ci gaba da ɗaukarta uwa, Kanawa na kiranta Uwar Daje, manzanni na kai da komo tsakaninta da fadar Kano.

A gida kuma aiki na jiranta. Asma'u ta riga ta kafa tsarin 'yan taru, inda mata daga ƙauyuka ke tahowa ƙungiya-ƙungiya ƙarƙashin jagorancin jaji, dattijuwar da ake naɗawa da malfa, su koyi waƙoƙin addini su koma su koyar da 'yan uwansu a tsakar gida. Da Asma'u ta rasu a 1864, Maryam ce ta karɓi ragamar. Jean Boyd, Baturiyar da ta yi shekaru a Sakkwato tana bin diddigin rubuce-rubucen matan gidan Shehu, ta tarar da tsarin bai mutu ba a ƙarni na ashirin.

Abin da ya fi burge ni shi ne wasiƙarta. A 1881 Muhammadu Ahmad ya bayyana kansa Mahadi a Sudan, labari ya iso ƙasar Hausa, ga Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya karɓi kiran yana Adamawa. Jama'a suka fara sayar da gonaki suna ɗaure kaya, suna cewa ai Shehu da kansa ya yi maganar hijira zuwa gabas. Mu da ke zaune a bakin iyaka mun san yadda irin wannan magana ke tafiya. Ranar Alhamis ɗaya a kasuwar Maigatari ta isa labari ya kai Damagaram ya dawo da ƙari. Sarkin Kano bai tsaya ga malaman fada kaɗai ba, aka kai maganar gaban tsohuwar matar ubansa. Ta rubuto masa da Larabci cewa lallai mahaifinta ya ambaci hijirar, amma lokacinta bai yi ba, alamominta ba su bayyana ba, masu tafiyar nan a kan kuskure suke, a tsayar da su. Mace ce da ta haura saba'in take yanke hukunci a kan abin da Shehu ya nufa, sarki mai dubban dawakai yana saurare. Ta rasu wajen 1890.

Ba ta ga abin da ya biyo baya ba. Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan marigayin, 'ya'yan Abdullahi suka ƙi, suka fice daga birni bayan ɗan uwansu Yusufu, aka shiga yaƙin basasa. Yusufu ya rasu ana tsakiyar yaƙi, sai Yusufawa suka nemi wanda zai gaje shi a cikin 'yan uwansa masu yawa. Suka tsayar da Aliyu, wanda aka sani da Alu Mai Sango, ba don ya fi su shekaru ba. Mahaifiyarsa Saudatu 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, sunan kakan nasa ma ya ci. Mutanen da suka yi wa Sakkwato tawaye sun san wata rana sai an zauna sulhu da ita, kuma zai yi wuya ta rufe ƙofa ga ɗan 'yarta. Aliyu ya shiga Kano a 1894, ya zauna a kan gadon Dabo har zuwan Turawa a 1903.