Bishiyar Turare a Gwarzo da Kabo: A Daina Datse Ta a Tsakiya

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gwarzo, ko ya ratsa ta Kabo ya nufi Garo, zai ga bishiyoyin turare a jere a iyakar gonaki da harabar makarantu. Idan ya lura da kyau, zai tarar da yawansu an datse su a tsakiya, kututturen yana tsaye da tsayin mutum biyu, sabon toho ya yi masa cinkus a ka. Irin wannan sara yana cutar da bishiyar, yana kuma jefa rayuka cikin haɗari.

Asalin turare, wanda wasu ke kira zaiti, daga Ostireliya yake, kuma ire-irensa sun haura 700. Shi da darbejiya aka fi dogara da su lokacin da aka dasa shingayen tare iska a tsohuwar Jihar Kano, musamman a shirin da Bankin Duniya ya tallafa wa daga ƙarshen shekarun 1980. An zaɓe shi ne don saurin girmansa da jure fari.

To amma manominmu ya saba da gawo da kuka, waɗanda ake sassare wa rassa don dabbobi ko miya. Da turare ya zo, sai aka yi masa irin wannan hannu, alhali halinsa daban ne. Idan aka datse kansa, tohon da zai fito daga ƙarƙashin ɓawo yake tsirowa, ba shi da tushe a cikin zuciyar itacen. Cikin shekara biyu ko uku ya yi tsawo ya yi nauyi, shi kuma wurin da aka sara yana ta shan ruwa yana ruɓewa, gara ta samu ƙofa. Ranar da iskar farkon damina ta taso, reshen nan ne zai ɓalle ya faɗo kan kwanon aji ko wayar lantarki.

Mai neman sandunan tokare dakin ko itacen girki, gara ya sare bishiyar daga ƙasa, ya bar kututture kamar santimita 10 zuwa 15, saran ya ɗan karkata don kada ruwa ya kwanta. Gab da faɗuwar damina ya fi dacewa, wajen Afrilu zuwa Mayu. Toho zai fito da yawa; bayan kamar shekara guda a cire raunana, a bar biyu ko uku masu ƙarfi. Nan da shekara huɗu zuwa shida an sake samun sandunan sayarwa, kuma kututture ɗaya yana iya bayarwa sau uku ko fiye ba tare da sabon dashe ba. Wannan riba ce da mai datsewa a tsakiya yake zubarwa.

Wanda kuwa inuwa yake so a ƙofar gida, rassa kawai zai rage, da zarto maimakon gatari. A fara tsaga reshen ta ƙasa, sannan a yanke ta sama, don kada ya yage ɓawon jikin bishiyar lokacin faɗowa. A bar ɗan kumburin da ke gindin reshen, domin ta nan raunin yake rufewa. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen a lokaci guda, kuma ba a buƙatar shafa baƙin mai a wurin.

Koken manoma cewa turare yana shanye ruwan gona gaskiya ne. Dawar da ke kusa da shi ba ta cika yin kyau ba. Maganinsa a haƙa rami tsakanin layin bishiyoyin da shuka, a datse saiwoyin da suka miƙo ciki.

Muna kira ga jami'an gandun daji na ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo da su zagaya makarantu da masallatai kafin ruwan farko, su duba bishiyoyin da aka riga aka datse, a sauke masu haɗari, sannan a koya wa masu saran itace yadda ake yi.