Tarin fuka a Tahoua: Wata 6 na shan magani da jarabawar cirani

A Madawa, Buza da Keita da ke jihar Tahoua, maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, amma sai an jure wata 6. Wata 2 na farko ana haɗiyar magunguna 4 kullum, sauran wata 4 kuma rifampicin da isoniazid kaɗai.

Sai dai tari kan lafa tun makonnin farko. Da an gama girbin hatsi, magidanci ya ji ƙarfi, sai hankalinsa ya koma cirani Najeriya ko Libiya. In ya katse magani, cutar na iya dawowa ta bijire wa ƙwayoyin, ta kuma kama iyalin da ya fita nema dominsu.