Jakar da ruwa ba ya shiga: mu gwada kafin mu biya

Da damina ta kama, duk wanda ya zagaya kasuwar Tawa ranar Lahadi zai ga jakunkuna iri-iri a rataye, na goyo da na ɗaurawa a ƙugu da ƴan ƙanana na saka salula. Wasu daga Kano aka kawo su, wasu kuma ƴan bida ne suka zo da su daga Abijan ko Libiya. Kusan kowane mai sayarwa zai rantse maka cewa ko ɗigo ba ya shiga. To, ina gaskiyar wannan magana?

Abin da ya sa muka ɗauko zancen, wata baiwar Allah mai sayar da atamfa ce ta ba mu labari. Ruwa ya tare su a bayan mota tsakanin Tabalak da Abalak. Da ta sauka ta buɗe jakarta sabuwa, sai ta tarar kayen da take rubuta bashi ya jiƙe sharkaf, tawada ta narke. Atamfa dai an shanya ta bushe, amma sunayen masu bashi da abin da take bin kowa sun tafi. Mun san yadda ruwan Adar yake, musamman a watan Agusta: ba ya daɗewa, amma yakan zo da iska, ya cika ƙorama nan take. Damunar 2024, wadda ambaliyarta ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a Nijar, ta ishe mu darasi.

Yawancin jakunkunan nan, yadinsu an shafe shi da roba ta ciki, shi ya sa idan aka zuba ruwa a kai sai ya gangare. Wannan ne mai sayarwa yake nuna mana. Sai dai ruwa ba ta yadi ya fi shiga ba. Duk inda allurar keke ta bi ta bar huda, kuma zif, komai kyansa, yana da ƴan kafofi tsakanin haƙoransa. Jaka mai ɗinki da zif za ta iya tare yayyafi, amma ruwan sa'a guda bisa kabu-kabu ya fi ƙarfinta. Wadda ta fi riƙe ruwa ita ce wadda aka like gefunanta da zafi, ba ɗinki, ana naɗe bakinta sau 3 a ɗaure.

Akwai kuma lambar da ake bugawa a jikin wasu. IPX4 na nufin fantsamar ruwa kawai take tarewa. IPX7 na nufin an nutsar da ita cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30 bai shiga ba. Amma mu tuna, kowa na iya buga lamba a jikin kaya.

Ranarmu ma tana cin jaka. Zafin Afrilu da Mayu, da yakan wuce digiri 40, yana busar da robar nan ta tsage ko ta riƙa ɓarewa. Jakar da ta yi aiki bara, bana sai an sake dubawa.

Gwajin ba shi da wuya, kuma gani ya kori ji. A sa busasshiyar takarda a ciki, a rufe yadda ya kamata, a danna jakar cikin bokitin ruwa rabin sa'a. In takarda ta fito da laima, kada a ba jakar amanar salula ko kuɗi. Ku ma masu sayarwa, ku gwada guda ɗaya daga kowane dila kafin ku rantse, domin mai saye da ya yi asara ba ya dawowa.

Ga iyayenmu mata masu bin kasuwannin Keita, Tamaske da Badagishiri, shawararmu ita ce kuɗi da kaye da katin ɗan ƙasa a sa su cikin gwangwani ko roba mai murfi, sannan a sa cikin jaka. In an isa gida a buɗe su sha iska, don gumin da ya taru a ciki ma yana ɓata takarda.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dukiyarmu.